Kiri-kirin Hajja Mabruka

Da kuɗin maraƙin Inna na tafi Libiya. Shi kaɗai babban fari ya bar mana, shi ma daga ƙashi sai fata, har dillalin da ya saya yake cewa don Allah ya saya, ba don riba ba. Inna ta kwance bakin zanenta ta damƙa mini kuɗin gaba ɗaya, ta ce, "Habu, in ka je ka yi abin da ka iya." To me na iya? Noma. Tun ban kai tsawon ƙotar fartanya ba nake yaƙi da ciyawa. Ku riƙe wannan, ku da kuke ta zumuɗin tafiya, don nan labarin yake.

Hanya kam ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, kun ji ta a bakin wasu har kun gaji. Daga Agadas aka loda mu a kan babbar mota bisa buhunan kaya, muka sha rana muka sha rairayi, har Allah Ya sauke mu Sabha. Lokacin kuɗin man fetur na ambaliya. Ko'ina ka duba siminti ne da rodi, gida na tashi kafin ka gama gaisawa da mutum, mai kuwa ya fi ruwan sha araha. Ni da na baro garin da ake haƙa gidan tururuwa don neman hatsi, sai na ga burodi zube a bola. Ranar na yi ƙwalla, ba zan ɓoye muku ba.

Na sauka a unguwar Gurda, ɗakin wani Mamman mutumin Maraɗi. Mu shida ne, amma mai gidan ya san da biyu. Tsoho ne mai ɗan guntun Hausa, kullum sai ya zo ya tsaya yana kallon bakin ƙofa.

"Mutum nawa ciki?"

"Biyu, Hajj."

"Takalmi yawa haka?"

"Mu mutanen Hausa muna son takalmi, Hajj."

"Ƙafa babba, ƙafa ƙarami, duka naka?"

"Da zafi ƙafata kumbura take yi."

Ya yi ta zagi da Larabci ya tafi. Daga ranar muka koma kwana da takalma a ƙarƙashin kai. Mamman ne ya koya mini kalmomin cin abinci: shugul aiki ne, fulus kuɗi, in ka ga shurɗa, wato 'yan sanda, ka canza hanya, kome aka ce maka kuma ka ce "bahi", wato to. Ni bakina ya ƙi, sai "baƙi" nake cewa, suna ta dariya.

Da safe mukan tsaya bakin titi, kowa da abin aikinsa a hannu. Wata rana wata farar akori-kura ta tsaya, wani ƙaton mutum mai farar tagiya ya leƙo. Sunansa Hajj Miftah. A da direba ne tsakanin Sabha da Agadas, can ya tsinci Hausarsa, yanzu kuma manyan motocinsa ke jan kaya zuwa rijiyoyin mai.

"Wane manomi? Wane ya sani ƙasa, ya sani ruwa?"

Na ɗaga fartanya, ya ce in hau.

Gidansa a unguwar Sukra yake, sabo fil, da fili a tsakiya wanda ya kai masussuka biyu. An kwashe rairayin, an zuba jar ƙasa da takin tumaki da aka ɗebo da mota daga gonakin dabino, ga rijiya da injin. Raina ya yi fari. Kafin ya fito daga cikin gida har na ja kunya uku miƙaƙƙu, irin waɗanda ake tsayawa a kalla. Yana fitowa ya dafe kai.

"La, la, la! Wane ya ce tudu? Kwance! Kamar tabarma!"

"Hajj, me za mu shuka? Albasa?"

"Ciyawa."

"Ta dabbobi?"

"Ta zama."

Na ce "baƙi", amma a raina na ce kuɗi sun taɓa mutumin nan. Da na ba Mamman labari ya ce, "Kai baƙauye, gazo ke nan, ciyawar ado, Nasara na yi a Yamai." Na ce ko gazo ko gazau, ciyawa dai ciyawa ce.

Sai da muka baje ƙasar na gane dalili. Aka fito da wata tsohuwa aka zaunar a kujera a baranda, ƙarama, fuskarta da zanen shuni a haɓa, idanunta sun yi fari fat ba ta gani. Hajja Mabruka ke nan, mahaifiyar Hajj. Ita ba 'yar yankin Sabha ba ce. Can arewa aka haife ta, wajen wani dutse kusa da teku da suke kira Jabal Akhdar, inda ciyawa ke rufe ƙasa bayan ruwa. Aure ya kawo ta cikin rairayi tun tana yarinya. Yanzu zuciyarta ta yi rauni, likita ya hana ta doguwar tafiya, ita kuwa abu ɗaya ta roƙa: ta cire takalmi ta zauna a kan ɗanyar ciyawa sau ɗaya kafin ta mutu. Tunda ba za a kai ta dutsen ba, ɗanta ya ce zai kawo mata ciyawar har ƙofar ɗaki.

Irin a gwangwani ya zo daga Italiya, ƙanana sun fi ridi ƙanƙanta. Muka gauraya da yashi muka watsa, muka bi da ɗan taki sama-sama. Daga nan wahala ta fara. Ku kun san ban-ruwan fadama, a saki ruwa ya kwanta. Wannan ba haka ba. In ka sake shi da ƙarfi ya kwashe irin ya tara a gefe, in ka yi jinkiri rana ta soya shi. Sai dai ka danne bakin tiyo da yatsa ya fita kamar yayyafi, ka yi da safe, ka yi da hantsi, ka yi da azahar, ka yi da la'asar, ƙasa ba ta bushe ba kuma ba ta yi caɓi ba. Ba a taka wurin, a kan katako nake tafiya. Tsuntsaye su zo, in kore su. Ranar da iskar gibli ta taso, mai zafi kamar bakin tanda, ni da Hajj da kansa muka yi ta jiƙa buhuna muna shimfiɗawa, jallabiyarsa duk laka. Mutumin da ke da motoci sun fi a ƙirga! Tun ranar na daina cewa kuɗi sun taɓa shi.

Ciyawar ta tsiro siriri-siriri kamar gashin jariri. Da ta ɗan tasa ta fara miƙa hannu a ƙasa, na durƙusa na duba da kyau, sai na yi salati. Kiri-kiri ce! Kiri-kirin nan da ta cinye mana fadama, wadda na yi shekaru ina tona ina ƙonawa ina tsine mata. Ita aka sa a gwangwani aka hau da ita jirgi. Na gaya wa Hajj a garinmu kyauta zan cika masa mota, har in yi masa godiya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fassara wa Hajja, ita ma ta yi.

Fili na yin kore Hajj ya ƙagu. Kalmarsa ɗaya ce, "tawwa", wato yanzu. Ya ce a kawo darduma, yau zai ɗauki uwarsa ya zaunar. Hajja ta ɗaga hannu. Lokacin na fara tsintar Larabci, abin da ya wuce ni kuma Hajj ya juya mini.

"Wulidi," ta ce da ni, wato ɗana, "kama 'yan ganye ka ja a hankali, ka kawo mini."

Na ja, suka taho har da saiwa. Ta murza a yatsunta, ta shinshina.

"Mazal." Da saura ke nan.

"Yumma, ki zauna kawai," in ji Hajj, haka yake kiran uwarsa. "In ta mutu na sake shuka wata."

"A dutsenmu ba a sakin tumaki kan sabuwar ciyawa sai ta kama ƙasa. In ta kama, su ci kanta, ta ƙara yaɗo. In ba ta kama ba, su tumɓuke ta, shekara ta lalace. Ni 'yar makiyaya ce. Ba zan zauna a kan jaririya in kashe ta don kwaɗayina ba."

"Likita ya ce..."

"Likita ya san zuciya, bai san ciyawa ba."

Kullum da safe haka muke yi. In ja, in kai mata, ta murza, ta ce mazal. Ni kuwa ina ganin numfashinta na ƙara gajarta, ƙafafunta na kumbura. Sau da yawa na so in ja a hankali yadda ba za ta fito ba, in ce ta kama. Amma matar nan ko ba ido sai ka ji kamar tana kallon cikinka. Wallahi ban taɓa ganin haƙuri irin nata ba. Abin da ta fi so a duniya yana gabanta taku kaɗan, kwananta na ƙarewa, ta san haka, amma ta ƙi cin amanar ciyawa. Na so ta kamar kakata.

Ita ta tsara mana yadda za a yi yankan farko, don sai an yi shi ciyawar ke yin kauri ta ɗauki nauyin mutum. Ni da lauje na zo, zan share ta daga gindi yadda ake yi wa dabbobi. Hajj ya kawo makina mai ƙafafu, ana turawa tana aski. Hajja ta ce a wasa wuƙar sosai don ta yanke, kada ta fizga. A bari ganye ya bushe daga ruwa. Kuma kai kawai za a ɗauka, kamar cizon tunkiya.

Ranar da na ja ciyawa ta ƙi fitowa, ganyen ya tsinke a hannuna saiwa na ƙasa, kujerar baranda ba kowa. Hajja ta kwanta, ko ɗaga ta ba a iya yi. Hajj ya shiga ya gaya mata, ya fito idonsa ja.

"Ta ce a yanka. Ta ce ciyawa ba ya jira mutum."

Da hantsi na tura makina a hankali, ina jin tsoro kamar mai yi wa jariri askin suna. Ƙamshi ya tashi ya cika gidan, irin na gona bayan ruwan farko. Na tara abin da aka aske ya yi tsibi. Hajj ya nuna bola ya ce, "Barra," wato a kai waje a zubar.

Nan hannuna ya ƙi. A garinmu in gero ya nuna, tumun farko ba mai gona ke ci ba, babba a gida ake kai wa ya sa albarka. Ban san yadda ake zubar da farkon amfani ba. Na ari babban faranti a madafa, na cika shi, na je na tsaya ƙofar ɗakinta na yi sallama.

"Wannan mene?" in ji Hajj.

"Na fari ne, Hajj. Na babba ne."

Ya kalle ni, ya kalli farantin, ya karɓa da hannu biyu. Daga bakin ƙofa ina gani. Tun kafin ya ƙarasa ta juyo da kai, hancinta ya riga ya gaya mata. Ta tura hannu ciki har wuyan hannu, ta damƙa ta kai fuska. Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, Hajj ya yaye bargo, ya ɗaga ƙafafunta ya ɗora a cikin farantin. Tana motsa yatsu a cikin ɗanyar ciyawa, tana murmushi, hawaye na bin zanen haɓarta.

"Tawwa," ta ce.

Ba ta ƙara kwana da yawa ba. Bayan an share makoki Hajj ya fito ba takalmi, ya taka filin, shi ne mutum na farko bayan ni mai askinsa. Ya zauna a tsakiya, ya kama ganye ya ja, ya ce, "Ya kama, Habu." Sai ya rufe fuska da hannun riga. Na kashe tiyo na bar masa wurin.

Na shekara uku a gidan nan ina aske kiri-kiri. Da na dawo na sayi shanu biyu na ɗaure wa Inna a madadin maraƙinta, na kawo rediyo da bargo. Sannan na tono kiri-kiri daga fadama na dasa nan bakin rijiya, daidai faɗin tabarma biyu, na kewaye da ƙaya, ina bi da almakashi. Gari ya ɗauka Habu ya dawo da taɓin hankali, har yau wasu Habu Gazo suke kirana. Da na yi askin farko na cika ƙwarya na kai wa Inna. Ta leƙa ta ce, "Yanzu maraƙina na sayar ka je ka koyo renon ciyawa?" Na ba ta labarin Hajja Mabruka. Da la'asar sai ga ta da sandarta ta nufo wurin nan da kuke zaune. Ta tsaya a bakin ƙaya ta ce, "Ta kama?" Na ce ta kama, Inna. Sai ta cire takalmi.