Ɗakin da Ake Rage Zafi

A bencin asibiti, wata matashiya riƙe da filas ta juya ga dattijon da ke gefenta.

"Baba, don Allah kana jin Turanci? An mayar da maigidana ɗakin can, wai faliyetib. Me ake nufi?"

"Turancina na direba ne, 'yata, amma wannan kalma na haddace ta ba da son raina ba. Sauƙaƙawa ke nan. Su rage masa zafin ciwo, ya samu barci, ya ɗan ci abinci."

"Daga nan sai ya warke?"

"Ban ce ba. Kamar inuwa ce, tana rage maka rana, ba ta hana ta faɗuwa."

"Amma ɗazu har tsokanata ya yi, wai shayina ya fi maganinsu ɗaci."

"Uwargidana ma da aka kai ta can, faɗanta ya dawo kaf. Tun aurenmu nake gudun bakinta, sai ga ni zaune ina shan faɗan kamar zuma."

"Tana ciki yanzu?"

"Kayanta na zo karɓa. Ƙafa ce ta ƙi shiga."

Ta daɗe tana murza murfin filas.

"Allah ya jiƙanta. Gaskiya, Baba, nas ta fassara min tun safe. Nema nake ko wani zai faɗa min daban."

"Na gane, ni ma haka na yi ta bin mutane. Tashi ki kai masa shayin kafin ya huce, ki bar shi ya kushe son ransa."