Gaisuwar da Ta Kusa Mayar da Ni Gida

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda bai taɓa barina na ji kunya ba. Baba Fasto, iyayena mata, 'yan'uwa, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hannatu, daga wajen Malumfashi. Na zo Greensboro ne karatun digiri na biyu a fannin ƙasar noma. Mu ne masu ɗebo ƙasa daga gona, mu kai ɗakin gwaji, mu faɗa wa manomi abin da gonarsa ta rasa. Baba Fasto ya ba ni minti goma, kuma da yake ya san halina, tun ban fara ba yake duban agogo.

Ku da kuka yi karatu a nan kun san zancen, amma bari in yi wa iyayenmu bayani. Idan ɗalibi ya gama makaranta, bizar karatu ba za ta ci gaba da riƙe shi ba. Akwai izinin aiki na shekara ɗaya da ake kira OPT, a fannin da mutum ya karanta. Sai dai da sharaɗi. Kwanakin da za ka yi a zaune babu aiki kada su wuce casa'in. In sun wuce, zamanka ya lalace, sai ka haɗa kayanka. Kuma ba ruwansu da Asabar ko Lahadi, duk a ciki suke.

Katin izinin aikina ya iso, ranar fara ƙirga ta zo, aiki bai zo ba. Na tura takardun neman aiki har yatsuna suka gaji. Wasu su amsa da mun gode, wasu kuwa da zarar sun ji kalmar biza sai muryarsu ta yi sanyi a waya.

Amma akwai ƙofa ɗaya da nake hange. Farfesar da ta duba bincikena, dattijuwa ce haifaffiyar garin nan, ba zan kama sunanta ba. Na ji ƙishin-ƙishin ta sami tallafin bincike, kuma tana neman mai gwajin ƙasa a gonakin wasu manoma wajen McLeansville. Aikin nan kamar da ni aka auna shi.

To, a nan ne na tafka kuskuren.

A gidanmu ba a zuwa wa babba da buƙata a baki kamar mai tallan gyaɗa. Gaisuwa ake zuwa. Ki je yau, ki koma jibi, ki riƙe ɗan abu a hannu. Babban ya san ba banza ba. A zuwa na uku da kansa zai ce, "Yarinya, me ke tafe da ke?" Haka na ga babana ya samo wa yayana aiki, kuma bai taɓa furta kalmar aiki da bakinsa ba. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Da wannan tarbiyyar na tashi, kuma da ita na nufi ofishin Farfesa.

Kowace Talata ina can. Yau cincin, wani makon dambun nama. In zauna a bakin kujera, in tambayi maigidanta, in tambayi gwiwarta da ke damunta, har karenta sai da na riƙa tambaya, ni da ko kusa da kare ba na zuwa.

Sai ta ce, "Hannatu, ke fa, yaya kome?"

In ce, "Lafiya lau, mun gode Allah."

"Zancen aiki fa?"

"Kome yana tafiya daidai."

Sai ta yi murmushi ta ce ta ji daɗi, ta buɗe cincin. Ni kuma in fito in shiga mota raina a ɓace, ina ta mita ni kaɗai. Wace irin mata ce wannan da ba ta da ido? Ai labarin zuciya a tambayi fuska. Ba ta ga na rame ba?

'Yan'uwa, zan faɗa muku gaskiya, tunda gaban Allah nake tsaye. Ba kunya kaɗai ba ce, har da girman kai. Ni ce wadda ake misali da ita a gida. Ba na so kowa ya ji Hannatu ta buɗe baki ta ce a taimake ta. A nan ɗakin ma na yi ta rawa ran Lahadi, kuna tambayata ina ce muku sai godiya, alhali kwanakina suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Wajen kwana na sittin da takwas wani ɗan ƙasarmu ya kira ni. Ba ɗan ikilisiyar nan ba ne, kada ku fara waige-waige. Ya ce yana da kamfani, amma a takarda kawai yake, babu ofis, babu aiki. Zai sa sunana a matsayin ma'aikaciya, in shigar a shafin hukuma na intanet, ƙirga ta tsaya.

"Ƙanwata, kowa haka yake yi," in ji shi. "Ko kina so ki koma gida da satifiket a leda?"

Na san ƙarya ce tsagwaronta. Na san ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in aka gano, ba wannan bizar kaɗai zan rasa ba, har ta gaba. Duk da haka ban ce masa a'a ba. Cewa na yi ya ba ni zuwa Juma'a. Ya turo min fom a waya, na cike rabi. Tsoro ya kai ni nan.

Ran Laraba da la'asar na tafi unguwar Pleasant Garden wurin Mama Talatu, ga ta can zaune a layin gaba tana hararata. Kun san ta yi ritaya daga aikin jinya, kuma bayan gidanta ya zama gona. Ta kira ni in taya ta tsinkar yakuwa. Ina tsinka hankalina yana kan fom ɗin nan.

Ta ce, "Ke, ganye na ce ki tsinka, ba ki tuge min shuka ba. Me ke damunki?"

Na ce ba kome. Ta ajiye kwanonta ta tsaya tana kallona. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Na zayyana mata kome, har da fom ɗin.

Da na gama ta ce, "Kin gaya wa farfesar kina son aikin?"

"Mama, sau tara ina zuwa gaishe ta."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na ce ai ya kamata ta gane. Mama ta yi dariya har sai da ta zauna a kan bokiti. Ni ina kuka, ita tana share hawayen dariya.

"'Yata," in ji ta, "na daɗe a ƙasar nan. Mutanen nan ko za ki gaishe su har ki yi furfura, gaisuwa kawai suka ji. In kin ce lafiya lau, to lafiya lau ɗin suka ɗauka. A wurinsu, su tone ki da tambaya shiga sharo ba shanu ne. Matar nan girmama ki take yi, ke kuma kina fushi da ita."

Sai ta kama hannuna muka durƙusa a nan tsakanin kunyoyi. Na sunkuyar da kai ina jiran ta fara. Ta ce, "A'a. Yau ba zan ce Ubangiji ka san buƙatarta ba. Ya sani, amma ke za ki faɗa da bakinki."

Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. A nan na gane abin da nake yi. Ashe yadda nake wa Farfesa haka nake wa Allah. Wata biyu ina zuwa gabansa da gaisuwa da waƙa da godiya, ban taɓa gaya masa ina cikin matsala ba, sannan ina jin haushi a ɓoye wai ya yi shiru.

Da ƙyar na ce, "Ya Yesu, ina jin tsoro. Ina son aikin nan. Ina so in zauna a ƙasar nan da gaskiya, ba da ƙarya ba. Ka gafarta min girman kaina."

Iyakar addu'ar ke nan. Amma da na miƙe, nauyin da ke ƙirjina ya sauka. A gaban Mama na goge fom ɗin, na rubuta wa mutumin nan cewa na gode, ba na yi.

Washegari, kwana na saba'in da uku, na tafi ofishin Farfesa hannu rabbana, ko cincin babu. Ban tambayi kare ba. Na tsaya a gaban teburinta na ce, "Farfesa, ba ni da aiki. Ina son aikin gwajin ƙasar nan, kuma zan iya shi. In ban fara aiki nan kusa ba, dole in bar ƙasar."

Ta cire tabarau.

"Hannatu, wata biyu ina neman mai wannan aikin," in ji ta. "Ke na fara tunawa. Amma kullum kina ce min kome daidai, sai na ɗauka kin sami wurin da ya fi nawa. Kwana nawa suka rage miki?"

Na ce goma sha bakwai.

Ta miƙe tsaye. Ta ce ba ta da ikon ba ni aikin da hannunta, sai na nema kamar kowa, kuma gobe ake rufe karɓar takardu. Gobe, 'yan'uwa! Da na jira Talatata ta gaisuwa, da na tarar an rufe.

A ranar na tura takarduna. Aka kira mu intabiyu mu huɗu, a gaban mutum uku. Ni da aka koya wa yabon kai jahilci ne, ranar na zauna na faɗi abin da na iya ɗaya bayan ɗaya, ban ƙara ba, ban rage ba. Daga nan sai jira. Kwana tamanin ya wuce, tamanin da uku ya wuce, ofishin ɗaukar ma'aikata yana ta nasa bincike a hankali. Abin mamaki, ina cin abinci ina barci. Na riga na gaya wa Ubangiji ko gida ya ce in koma zan koma da fuskata a sake, tunda ban sa hannu a ƙarya ba.

Aka ɗauke ni, na fara aiki a kwana na tamanin da bakwai. A cikin mota, a wurin ajiye motoci, na shigar da sunan wurin aikina a shafin hukuma, takalmina duk taɓo. Na kifa kaina a sitiyari na yi kuka mai isata.

Bai tsaya nan ba. Kafin shekarar ta ƙare jami'a ta nema min bizar aiki, wadda ake kira H-1B. Na daɗe ina jin cewa sai an yi ƙuri'a, wani ya samu wani ya rasa. Ashe jami'o'i ba sa shiga ƙuri'ar, ni ban ma sani ba. Ran Alhamis ɗin nan da ta wuce amsa ta zo, an amince. Haleluya!

Ƙannena ɗalibai da ke zaune a baya, ina ganinku, kuma na san akwai masu ƙirga kwanaki a cikinku. Kada ku sayi takardar ƙarya, ko wa ya kawo muku ita. Ku je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ku yi tambaya tun da wuri, matambayi ba ya ɓata. Gaisuwarmu abu ne mai kyau, kada ku yar da ita, amma in kun gama gaisuwa ku faɗi abin da ya kawo ku. In bakin ya yi muku nauyi, ku same ni bayan sujada, zan raka ku har ƙofa.

Ku dogara ga Yesu, ku gaya masa gaskiyar halin da kuke ciki, ba ya gajiya da ji. Ni na ɓata kwana saba'in da uku da bakina a rufe, shi kuma ya ɗauki ragowar ya gama aikinsa da su. Kwana uku suka rage mini, amma bai makara ba.

Ku taya ni yi masa godiya. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.