Wuƙar da Na Kama a Ƙofar Coci

Jama'ar Ubangiji, salamar Yesu Mai Cetonmu ta kasance tare da ku. Sunana Ishaku. Wanda bai san sunan ba ya san fuskar, don ni ne tsohon nan da ke tsayawa a ƙofa yana leƙa jakunkunanku kowace Lahadi. Fasto ya ce yau muna tuna kafuwar wannan ikkilisiya, kowa ya faɗi abin da Allah ya yi masa a cikinta. Ni kwance ni ya yi daga zargi, kuma sai da na fasa bakin bawan Allah kafin na san a ɗaure nake.

Shekara talatin da biyar na yi ina gandiroba. Aikin ya koya mini cewa wanda ya yi maka murmushi, ka dubi hannunsa. Na ajiye kaki, ban ajiye halin ba. Matata Rifkatu takan ce ko nama ta ƙara mini a miya sai na tambayi dalili. Ga kuma ƙanena da na rasa a wata tarzoma shekarun baya, wanda ya nuna gidansa mutum ne da suke cin tuwo a kwano ɗaya. Tun daga ranar ban sake yarda da kowa ba.

Da muka tare a Hotoro muka fara zuwa sujada nan Nassarawa, dattawa suka ji aikin da na yi, suka ba ni tsaron ƙofa. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na ga rubutun can na bango, "Tukunyarmu ta unguwa ce", na ɗauka ado ne. Ban tambayi kowa ma'anarsa ba.

Lahadi ta farko a watan Disamba, shekara biyu ke nan, lokacin ban cika shekara a cocin nan ba, na hango wani mutum a tsallaken titi, ƙarƙashin darbejiya. Zai kai shekara arba'in, da hula da tsohon keke. Ba ya sayar da komai, ba ya jiran kowa, harabarmu kawai yake kallo. Lahadi ta biyu ya dawo, har da miƙa wuya ta kan katanga. Ta uku sai ya tsallako.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Don Allah yaushe za ku taru don hidimar bikinku na bana?"

Na ce, "Kai da wa ke tambaya?"

"Mahaifina ne ya bar mini saƙo. Mama Saratu nake nema."

Kun san Mama Saratu, ga ta can a kujerar gaba, ita ce ta fi kowa daɗewa a cocin nan. A lokacin tana kwance ba lafiya. Na ce masa ba ta nan, ya ba ni saƙon.

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ba irin wanda ake miƙawa ba ne. Zan dawo ranar jajibere."

Murmushin nan ya gama da ni. Mutum ya yi mako uku yana auna katangarmu, ya san sunan tsohuwarmu, yana neman ranar da za mu cika. Ban gaya wa Fasto ba, don na san zai ce mu yi addu'a, ni kuwa a ganina lokacin addu'a ya wuce. Matasan da ke taya ni tsaro na tara, na ce kowa ya buɗe ido.

Ranar jajiberin Kirsimeti da hantsi harabar nan ta cika. Zumuntar mata na yankan albasa, ana wanke shinkafa, saniyar biki na ɗaure a gindin mangwaro. Sai ga shi ya jingine kekensa, da wani abu naɗe a tsumma a hammatarsa. Na kara masa na'urar bincike, ta yi ƙara. Na fizge tsumman. Wuƙa ce, tsawon kamu ɗaya, ta sha wasa har tana ƙyalli.

'Yan'uwa, ban yi masa tambaya ko ɗaya ba. Na murɗe hannunsa irin murɗar gidan yari, na kai shi ƙasa. Yana ƙoƙarin magana na doke bakinsa. Matasa suka rufu a kansa, mata suka watse da kuka, wasu har sun ɗauko itacen girki. Da an ƙara minti biyar, da gawa za a ɗauka a ƙofar gidan Allah, kuma ni ne sanadi.

A daidai lokacin adaidaita sahu ta sauke Mama Saratu, ta lallaɓo ta ga yadda girki ke tafiya. Ba ta dubi mutumin ba tukuna. Wuƙar ta gani a hannuna, mai ƙota ɗaure da jar waya.

Ta ce, "Ishaku, ina ka samo wuƙar babana?"

Sannan ta sunkuya ta dubi fuskar da ke ƙasa. "Kai ɗan Malam Sule ne?"

Ya tofar da jini ya ce, "Ni ne Habu, Mama. Baba ya rasu bayan babbar Sallah. Ya ce kada in bari saniyarku ta rasa mai yanka."

Tsohuwar nan ta zauna daɓas a ƙasa kusa da shi. A nan zaune ta ba ni tarihin da ban nema ba. Ta ce cocin nan a garejin wani Bature ta fara, can bayan layin nan. Masu dafa wa Turawa abinci ne da boyi-boyi 'yan ƙalilan, mahaifinta ne ke jagorantar su. Kirsimetinsu na farko suka yanka akuya da kansu, suka aika abinci ga direbobi da masu gadi da masu ban ruwan fulawa na unguwa, duk Musulmi. Kwanukan suka dawo a cike. Sai mai kula da lambun gidan, Malam Sule, ya ce wa mahaifinta, "In kuna so mu ci, ku bari mu yanka." Mahaifinta ya shiga kicin ya ɗauko wuƙarsa ya ba shi. Tun daga shekarar, hannun Musulmi ke yanka dabbar bikinmu, domin unguwa duka ta ci. Abin da rubutun bango ke nufi ke nan.

Leƙen katangar ma da Habu ya yi, ashe saniyar yake son gani, ya san ƙarti nawa za su kayar da ita. Fuskata ce ta hana shi tsallakowa mako biyu.

Habu ya tashi, ya karɓi wuƙarsa, ya naɗe ta, ya ja kekensa. Bai zagi kowa ba. Da ma ya zage ni.

Saniyar dai wani daga cikinmu ya yanka. Washegari aka cika kuloli aka kai gida-gida kamar kullum, kafin la'asar duk sun dawo, ba a ko buɗe murfinsu ba. Na tsaya a ƙofa ina karɓa, kowace da nauyinta. Abin da iyayenmu suka gina tun daga gareji, ni na rushe shi kafin azahar.

Amma kada ku zaci na tuba nan take. Wata biyu na yi ina kare kaina. Ina cewa wa ya sani, wataƙila ba ɗan Malam Sulen ba ne, wataƙila sayen wuƙar ya yi. Jinina ya hau, abinci ya daina shiga. Rifkatu ta ce, "Ishaku, ka kulle mutane shekara talatin da biyar, yanzu ka kulle kanka ka jefar da mabuɗin."

Wata Laraba da safe na shigo nan ba kowa, na durƙusa a bencin baya. Na ce, "Ya Ubangiji, na gaji. Wanda ya ci amanar ƙanena mutum ɗaya ne, ni kuwa na yanke wa gari guda hukunci. Ka cire mini wannan abu." Na yi kukan da ban yi ba ko a kabarin ƙanena. Da na miƙe, na san inda zan je.

Na same shi a Giginyu yana yi wa wani gida shuka. Haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Na tuɓe hulata na durƙusa.

Ya ce, "Haba Baba, tashi, ka haife ni."

Na ce ba zan tashi ba sai ya yafe.

Ya ce, "Dukan na yafe tun ranar. Abin da ke ci mini rai, wasiyyar mahaifina ce ta faɗi a hannuna." Na miƙe na yi masa sallama. Bai kuma yi mini alkawarin zai dawo ba.

Jajiberin da ya wuce, tun safe nake ƙofa ina kallon darbejiyar nan. Wajen ƙarfe tara sai ga keke. Ya miƙo mini tsumman da kansa ya ce, "Ga ta, Baba, a bincika." Na ce ya riƙe kayarsa, ya shigo.

Da aka kayar da saniya, ni na danne kanta. Habu ya durƙusa a gefena ya yi bisimilla. Tsakanin wuyana da wuƙarsa bai fi taƙi ɗaya ba, kuma Allah shi ne shaidata, idona a rufe yake ina godiya. Haleluya!

Har yanzu ina duba jaka a ƙofa, don aikina ne. Amma yanzu nakan fara da tambayar mutum sunansa. Kai da ke zaune da irin nawa a zuciyarka, kawo wa Yesu, ya san inda mabuɗin yake. Godiya ta tabbata gare shi, domin da yammacin Kirsimetin nan na sake tsayawa a ƙofa ina karɓar kuloli, sun dawo babu komai a ciki, an wanke su tas. Amin.