Kwandon da Dada Ta Saƙa wa Dogon Sheme

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, limamanmu, baƙinmu na Ƙanƙara da Sabuwa da cikin Faskari, sannan uwargida Hajiya Lauratu da 'ya'yan marigayi, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ni Malam Gide, an ce in yi magana kan Alhaji Mani, Dogon Sheme, don ni ke tsayawa kan rumbu muna samari, shi yana jefo mani dami daga ƙasa. Kowa sai ya hau tsani, ban da Mani. A haka wani malamin wasanni ya gan shi, ya tafi da shi Kaduna buga ƙwallon kwando.

Zamanin nan ne da arzikin mai ya buɗe, kowa ya doshi birni. Kulob ɗinsu ya ci kofin ƙasa, aka ce za su ƙetare zuwa gasar zakarun kulob-kulob na Afirka. Mani ya zo neman albarkar mahaifiyarshi, Dada. Ta sa ya kwatanta mata wasan, har ya ce ƙwallon na faɗowa ta ƙasan kwandon. Dada ta riƙe haɓa.

"Yanzu kai Mani, ƙato kamarka, ka yini kana zuba abu cikin kwandon da ba shi da gindi? Zamna nan, ba inda za ka tahi."

Ya zauna kuwa, abokan tafiya na can suna jira. Ba ta sallame shi ba sai da ta saƙa mashi kwandon kaba mai gindi. Ta ce, "Wancan nasu ne. Wanga shi za a tambaye ka."

Da shi ya hau jirgi, ana yi mashi dariya. Kakar wasan nan sun doke manyan kulob, mu kuma muna kewaye da rediyon Sarkin Aska muna ihu ba tare da mun fahimci komai ba. A wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da su, kuma jifan ƙarshe da ya kuskure nashi ne. Har ya tsufa ina tsokanarshi da cewa da ni ke kan ƙarfen kwandon nan da na cafe.

Ya dawo ya tarar da fari ya cinye gonaki. Nan kwandon Dada ya fara aiki. Ya kasance mai cika shi da gero ya ajiye a zauren wanda rumbunshi ya ƙare. Ya kasance in ka yi godiya sai ya kama maganar ruwan sama. Ya kasance bai tsallake kaka ɗaya ba har ƙafa ta gaza. Gidana ma kwandon nan ya shiga, jama'a, kuma wallahi ina kewar mutumin nan.

Hajiya, mun gode da kika fito da kwandon yau. Barau ɗana, kai ne babba cikin 'ya'yan Mani. Kaka ta zo, kuma akwai gidaje a Sheme da ke kallon zaure ba za su iya faɗa ba. Ba ka kai tsawon babanka ba, amma kwandon nan bai taɓa neman tsawo ba. Taso ka ɗauka.

Na gode da sauraro. Allah ya jiƙan Alhaji Mani da Dada, ya sa ya iske abin da ya zuba cif, ko ƙwaya ba ta zube ba. Amin.