Sarewar da Ta Makara

A ɗakin jiran likitan kunne, talabijin na nuna wani fim. Wani dattijo da ya daɗe yana juya hularsa a hannu ya dubi matar da ke zaune kusa da shi.

"'Yata, kin ji kiɗan nan? Tsoho ne ya haɗa shi. Irinsu ya kamata su koma gida su huta, su bar wa yara."

"Haba Baba, me suka tsare maka? Ni in ba kiɗan tsofaffin nan ba, fim ba ya sa ni hawaye. Na yaran yanzu kamar ana gyaran injin niƙa."

"Ai kunne ma tsufa yake yi. Saurari sarewar nan. Tun da muryar yarinyar cikin fim ɗin ta fara rawa ya kamata ta shigo, amma sai da ta gama kukan."

"Ni kuwa nan ne ya fi taɓa ni. Haka baƙin ciki yake, sai kowa ya watse yake kama mutum."

"Ba da gangan ba ne. Ban ji rawar muryar ba, sai da fim ya fito ɗana ya gaya mini."

Matar ta dube shi, ta dubi talabijin. Dattijon ya daina juya hular.

"To yanzu me za ka yi, Baba?"

"An kawo mini wani aikin. Na ce su dakata in ji ta bakin likita."

"Ni dai da ka karɓa." Ta taɓa hannun rigarsa. "Tashi, tun ɗazu ake kiranka."