Waliyyi Ya Kwana Biyu a Hannunmu

Shugaban wannan taro, Fada Anselmo limamin cocinmu, dattawan ƙungiyar manoma, iyayenmu mata, jama'ar wannan ƙauye, waɗanda suka zo a kan jaki da waɗanda suka tako da ƙafa: barkanku da zuwa. Na gode da kuka bar gonakinku, ko da yake, mu faɗi gaskiya, ba abin da kuka baro a cikinsu.

Magana biyu zan yi.

Ta farko, kun san al'adarmu a nan jiharmu ta Siyara. In watan Maris ya raba ba a ga hadari ba, sai a sace mutum-mutumin Waliyyi Yusufu daga gidan maƙwabci, ba a mayar da shi sai ruwa ya sauka, sannan a raka shi gida da kiɗa da waƙa. Bara waccan aka ɗauke na Inna Zuleide. Ta san gidan da yake, ta yi kamar ba ta sani ba. Muka shuka wake ya ƙone, muka shuka masara ta ƙone, muka koma ƙona ƙayar jikin tsiron daji muna ba shanu abin da ya rage. Ƙasa ɗaya ce, amma can kudu koguna na cin gidaje, mu nan rijiya ta zama rami.

Ta biyu ita ce mai ciwon. Gobe Inna za ta bi ɗanta Valdemar kudu, domin ƙafafunta sun gaji da neman ruwa. Jiya muka kai mata waliyyinta, ba ganga, ba waƙa. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Ta dube mu ta ce, "Nonato, an yi ruwa ne ina barci?"

Na ce, "A'a, Inna."

"To wane irin ɓarayi ne ku, masu mayar da kaya tun aiki bai biya ba? Ku koma da shi. Ran da aka yi ruwa, ku kai shi gidana da kiɗa."

Na ce, "Inna, ai ba kowa a gidan."

Ta ce, "Ba zan kulle ba."

Allah Ya kai Inna lafiya, Ya kiyaye ta daga sanyin kudu. Allah Ya jiƙa mana ƙasa, Ya ba mu ikon cika mata wannan alkawari tana da ran jin labari. Allah Ya mayar da kowa gida lafiya.

Na gode.