Faɗuwata Ta Zaga Duniya

Shugaban taro, Fasto, kansilan unguwarmu, matan zumunta da suka dafa mana tunkiya, mawaƙan coci, jama'ar garinmu Komani, da uwargidana MamTshawe da ke zaune a gaba, ina gaishe ku. Na gode da kuka zo taya ni tarbar jikata Zimkhitha. Jawabin nan ni na rubuta shi da hannuna, don haka ku yi haƙuri da saurinsa da nawarsa.

Na farko, aikinta. Ana ce masa opera, wasan da ake yin komai da waƙa, har mutuwa. Ita ba ta waƙa. Ita ke gaya wa mawaƙa inda za su tsaya, wa za su runguma, da yadda za su faɗi. Ta yi a Milan, ta yi a Berlin, ta yi a Tokyo. Yarinyar da na goya, yau ƙattin Turawa ba sa mutuwa sai da izininta.

Na biyu, yadda ta ɗaukaka. Wata rana ta bugo min waya daga Jamus, ta ce, "Kaka, ina da wani mawaƙi mai murya kamar ta bijimi, amma in an soke shi sai ya faɗi kamar buhun masara. Yaya kake yin naka?"

Na ce, "Nawa me?"

Ta ce, "Haba tsoho. Suman da kake yi duk ranar da kakata ta fara faɗa."

Jama'a, na koya mata. Hannu a ƙirji, taku biyu baya, gwiwar hagu ta fara sauka, ido ɗaya yana duba inda kujera take. Jaridun can suka ce ba a taɓa ganin mutuwa mai taɓa zuciya haka ba. Yanzu a ƙasa tara ana faɗuwa irin tawa, ni da ko fasfo ban da shi.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi. Da na gama magana za a nuna mana wasan a bangon nan, kuma MamTshawe za ta gane wannan gwiwar. MamTshawe, shekara arba'in da ɗaya kina yayyafa min ruwa, kina yi min fifita, kina dafa min shayi mai sukari uku. Lafiyata ƙalau. Gara ki ji daga bakina da ki gani a jikin Bajamushe. Fasto, don Allah ka dawo kujerar da ke tsakaninmu.

Allah ya ƙara ɗaukaka Zimkhitha, Allah ya mai da kowa gida lafiya, Allah ya sa har da ni.

Ƙafafuna sun fara rawa, kuma wannan karon da gaske ne, amma na ga ba wanda ya tashi.

Na gode muku duka.